Golf ɗin Auta ta cinye mana tsakar gida

Tun farkon hunturu ƙanena ya jawo tsohuwar Golf 3 gidanmu nan gefen Ringim, wai zai kwance ta ya mayar da ita motar tsere. Ga Fabrairu, inji na zaune kan turmin Inna! Ƙura ta cika fistin, baƙin mai ya ɓata wurin shanyar gero. Notuna kuwa a kwanon tuwo ya zuba, akuya ta ture, yara suka kwashe suna dara da su. Sau uku yana zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman gaskit ɗin injin, kullum ba girmansa ba. Na ce, "Auta, yaushe za ta tashi?" Wai bayan Sallah. Wace Sallar, bai faɗa ba.