Yaƙi ya cinye musu ƙuruciya, mu kuma muna neman bulala

Tun da sojojin Sudan suka ƙwato Sinja daga hannun dakarun RSF da suke yaƙi da su a ƙarshen 2024, Wad Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a watan Maris, mutanenmu Hausawan Sudan ke ta ɗaure kaya daga Gadarif da Kassala suna komawa gida. An share wasu makarantu, yara sun fara zuwa. Sai ga wata magana ta cika majalisu da gidajen suna, har ta hau mumbari: wai samari da 'yan matan yanzu sun lalace. Ba gaisuwa, ba karatu, ka faɗi ɗaya su mayar maka da goma, wasu sun faɗa ƙwaya. Magani kuwa an riga an yanke: namiji a zane shi, mace a yi mata aure, wanda ya gagara a kai shi a cire masa aljanu. Maganar nan ta ishe ni.

A ɗauki yaron da ke da shekara 13 ranar 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin ya ɓarke. In ɗan Damazin ne ko Rusairis ko Wad al-Mahi, nasa tashin hankalin ya fara tun 2022, lokacin da aka ƙona gidajen Hausawa a jihar Nilul Azraƙ. Yaron nan ya kwana a ajin makaranta da iyalai da yawa, zani ne kawai ya raba shimfiɗar uwarsa da ta baƙi. Ya tsaya layin takiyya, wato wurin rabon abincin sadaka, da bokiti yana jiran miyar adas. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne a Sudan ba sa zuwa makaranta, yana cikinsu. Yayyensa da ya kamata su rubuta shahada, wato jarrabawar gama sakandare, a 2023 ba su zauna mata ba sai ƙarshen Disamban 2024, waɗanda ke yankunan da RSF ke riƙe da su ma da yawa ba su samu isa ɗakin jarrabawar ba. Yau yaron yana kwana da takalmi a ƙafa. Raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a bakin titi, sai ka ga ya kwanta ƙasa kafin ya san ya yi. Wannan shi ne marar tarbiyyar da ake magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai nauyi zuwa firgicin da ba ya barin mutum. A matashi kuwa abin ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Da faɗa yake zuwa, da rashin barci, da ciwon kai ko na ciki da awo ba ya nuna dalilinsa, da kulle kai a ɗaki. Yarinya 'yar shekara 15 ta koma fitsarin kwance, uwa ta ɓoye katifa don kada maƙwabta su gani. Masu sayar da tramadol da ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ake kira ais sun gane wannan ciwo tun kafin mu gane shi, shi ya sa kasuwarsu ke ci.

Abin da masu bulala ba sa son a taɓa shi ne halin iyayen kansu. Uban da aka durƙusar da shi a shingen bincike, aka mare shi a gaban ɗansa, aka kwashe motarsa da zinaren matarsa, ya dawo gida babu aiki, wa ya tambaye shi yadda yake kwana? Ɗan ya ga abin da ya faru, uban ya san ya gani, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga maganar. Duk ranar da yaron ya ɗaga murya, uban ba rashin kunya kaɗai yake ji ba, ranar shingen ce ke dawo masa. Daga nan hannu ke kai wa ga bulala. Mu kira abin da sunansa, mu daina lulluɓe shi da rigar tarbiyya.

Batun 'yan mata ya fi muni. Kowa ya san fyaɗen da aka yi wa mata a ƙauyukan jihar Jazira. Yarinyar da ta daina magana, ta daina cin abinci, a ɗaura mata aure cikin gaggawa don a rufa asiri, asirin wa aka rufa? Na dangi. Ita an tura ta gidan miji da kayanta a ƙirji.

Masu cewa duk wannan raunin imani ne su koma Suratu Yusuf su ga yadda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari don baƙin ciki. Masu cewa a bari sai an ƙoshi tukuna, su gaya mana wace shekara ce za a ƙoshi. 'Yan ƙungiyoyin da ke taro a otal-otal na Port Sudan da kalmomin da babu uwar da ta san su, ban ga amfanin ɓata musu tawada ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa al'adar Turawa ce. A Sudan ake faɗar haka? Ƙasar Tijani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa? Mutumin ya yi karatu a Landan, ya dawo bai raina shehunan masid, wato tsangayu, ba. Ya zauna da su, ya yi aiki da su, saboda ya san mara lafiya wajensu yake fara zuwa. Taha Ba'ashar, shi ma likitan ƙwaƙwalwa, ya ɗora a kan wannan hanya. Tun kakanninmu na raye aka daidaita allo da allura a ƙasar nan. Ba wanda ya hana ruƙiyya. A yi ta, a yi addu'a, amma malamin da ya ga yaro yana maganar kashe kansa ya ce a kai shi asibiti yau, kada ya sa masa mari a ƙafa ya ce aljani ne mai taurin kai.

Na san likitocin ba su da yawa tun kafin yaƙi, da dama kuma sun fice zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. To a fara da waɗanda ke ƙasa. Matasan da suka riƙe takiyyu da ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni sun san kowane gida, a koya musu gane alamomi da inda za su tura mutum. A yi wa malaman makaranta da na allo da ungozomomi haka. Sarakunan Hausawa daga Mai Wurno har Kassala su sa limamai su yi huɗuba a kai. Gwamnati kuma ta fara da biyan malaman makaranta bashin albashinsu, don malamin da bai karya ba, mai aji cike da yara firgitattu, shi ma bulalar zai ɗauka.