Tunda da kuɗin haraji ake tafiyar da gidan, a buɗe ƙofar ɗakin taro

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana tasowa a jihar Michigan ta Amurka, a kan ko ya kamata gidan adana zane-zane da ke cin kuɗin haraji ya riƙa yin tarukansa a bainar jama'a, kuma ni a ganina ana ta kewaye-kewaye ne a kan abin da yake a fili.

A birnin Detroit akwai babban gidan adana zane-zane da ake kira Detroit Institute of Arts (DIA). Nan ne Diego Rivera, mai zanen nan ɗan ƙasar Meziko, ya zana ma'aikatan kamfanonin motoci a jikin bango tsakanin 1932 da 1933. A 2012 gidan ya shiga matsi, sai aka je wa mazauna gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, da ƙoƙon bara. Suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a ɗora musu ɗan ƙarin haraji a kan gidajensu har shekara 10. Mai gidan dala 150,000 zai riƙa biyan kusan dala 15 a shekara. Kaɗan ne ga mutum ɗaya, amma idan aka tara ya kai kusan dala miliyan 23 duk shekara. A madadin haka, suna shiga kyauta. A 2020 suka sake sabunta harajin.

To ga inda gizo ke saƙa. Michigan tana da doka tun 1976 wadda ta wajabta wa hukumomin gwamnati su yi zamansu a bainar jama'a, kowa ya zo ya saurara. Hukumomin da gundumomin suka kafa don karɓar wannan haraji suna ƙarƙashin dokar. Amma kwamitin gudanarwa na DIA, wanda ke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin, shi ba ya ciki, wai saboda ƙungiya ce mai zaman kanta. Wato ana barinka ka kalli inda ake zuba ruwa a tulu, amma inda ake sha an ja labule.

Sai a 2014 jama'a suka karanta a jarida cewa an yi wa manyan shugabannin gidan ƙarin albashi mai tsoka. Wataƙila sun cancanta, ban ce ba su cancanta ba. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne sai bayan an gama suka ji, kuma a lokacin da birnin ya durƙushe da bashin kusan dala biliyan 18, 'yan fansho na fargabar a yanke musu haƙƙinsu.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Attajirin da zai ba da kyauta ba lallai ya so a ambaci sunansa ba. Idan kuma kwamiti ya faɗi a fili nawa zai iya biya a kan wani zane, dillalai sun ji, farashi ya tashi. Gaskiya ne. Sai dai dokar kanta ta ba da damar shiga zaman sirri a wasu lamura, kamar ganawa da lauya ko cinikin fili. Me zai hana a ƙara cinikin zane da sunayen masu kyauta a ciki?

Kasafin kuɗi, albashin shugabanni, kwangiloli, da makarantun da za a kai wa motar ɗaukar yara zuwa gidan, waɗannan ban ga sirrin da ke cikinsu ba. Wata tsohuwa a Macomb da ke biyan dala 15 ɗinta ta isa ta samu kujera a bayan ɗakin, ko da ba za ta ce uffan ba.