Masu koyon jitar bas, dan Allah ku ɗan ajiye silaf ɗin nan ku koma kan soul tukuna

Akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai game da ƙannenmu masu koyon jitar bas, wato jitar nan mai kaurin sauti, yau dai sai na faɗe ta, wanda bai ji daɗi ba ya yi haƙuri. Duk yaron da bas ta shigo hannunsa yanzu, a coci ne ko a ban ɗin biki ko a ɗan sutudiyon unguwa, abin da yake so ya fara iyawa shi ne silaf, a doki tsirkiya da babban yatsa a fizgo ta da manuni tana tas tas tas, a ɗau bidiyon sakan talatin a watsa a TikTok. Ni ba na ƙin silaf fa. Larry Graham da ya fito da salon gwani ne na gaske, kuma dalili ne ya sa shi, yana kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, shi ne ya riƙa dukan tsirkiyar don ta cike masa gurbin gangar. To kai da kake da mai ganga zaune a bayanka gurbin wa kake cikewa? Ka ce wa yaron nan ya riƙe maka waƙa ɗaya ta minti huɗu daga farko har ƙarshe ba tare da ya ruga ya bar mai ganga a baya ba, a nan ne ake yin ta. Ni dai a ganina duk mai son ya zama ɗan bas na ƙwarai makarantarsa ita ce tsofaffin waƙoƙin soul na baƙaƙen fatar Amurka, na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kuma da kunne zai koye su.

Ita bas ɗin lantarki ba wata tsohuwar aba ba ce. A 1951 kamfanin Fender ya fito da Precision Bass, kafin nan ƙatuwar nan ta katako da ake tsayawa a rungume ta ake kaɗawa. Mutanen soul suna cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya abin da sabuwar za ta iya, kuma in ana maganarsu dole a fara da James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown a birnin Detroit. Mutumin nan ɗan jaz ne tun asali, babbar ta katakon ya fara koya, da ya dawo kan ta lantarki sai ya taho da ɗabi'unsa gaba ɗaya. Da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manunin hannun dama, duk gudun nan da kake ji a faifai yatsa guda ne wallahi. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne irin waɗanda ake kira filat, masu kauri, ba ya canza su sai in sun tsinke, kuma akwai guntun soso a ƙarƙashin murfin ƙarfen da ke gindin jitar yana danne su don kada sautin ya yi ta ja. Shi ya sa in ka saurare shi za ka ji kowane sauti ya fito dum, gajere mai nauyi, ya mutu da wuri ya ba na bayansa wuri.

Ɗauki My Girl ta Temptations, ta 1964, kowa ya san farkonta ko da bai san sunanta ba. Sauti biyu ne kacal bas take maimaitawa kafin jita ta shigo. Yaron da ya yi wata guda da fara koyo zai gano inda suke a wuyan jita cikin minti biyar, amma ka ba shi ya kaɗa ka ji, ba za ta yi daɗi ba, kuma shi kansa ba zai san me ya sa ba. Abin da ya ɓace masa shi ne inda sautin yake ƙarewa. Ka danna tsirkiya da hannun hagu, ka ja da dama, sautin ya fito, to yaushe za ka kashe shi? Ba ɗauke yatsan hagun za ka yi gaba ɗaya ba, in ka ɗauke tsirkiyar za ta yi ƙara a buɗe, sassauta shi kawai za ka yi ya zauna a kanta ba tare da ya danna ba, sai sautin ya tsaya cak. Wannan ɗan shirun da ke tsakanin sauti da sauti, shi ne yake sa kan mutum ya fara kaɗawa. In ka bar su suna ja suna shiga juna waƙar ta zama kunu, in ka datse su da wuri sosai ta bushe. Babu takardar da za ta rubuta maka wannan daidai, sai ka saurara ka maimaita, ka sake saurara, har hannunka ya gane da kansa.

Sai kuma ka je kan abin da Jamerson ya yi a What's Going On ta Marvin Gaye, 1971, nan ne za ka ji mutum yana waƙa da bas a ƙarƙashin mawaƙi ba tare da ya taka masa ƙafa ba. Ba ya zama kan uwar kod, wato sautin da ake gina haɗin sautuka (kod) a kansa, yana jira a canza, tafiya yake yi, in zai tashi daga wannan kod zuwa wancan sai ya bi ta firet ɗin (gurbin danna yatsa a wuyan jita) da ke maƙwabtaka da inda za shi, rabin taki sama ko ƙasa, ya faɗa kai daidai lokacin da ya kamata. Yana yawan taɓa buɗaɗɗiyar tsirkiya a kan hanya ko da ba ta cikin ki ɗin waƙar, wato jerin sautukan da aka gina ta a kai, don hannunsa ya samu damar sauya wuri, dabarar masu bas ɗin katako ce. Wani lokacin kuma ya ja yatsan nan ɗaya ya sharo tsirkiya biyu ko uku a jere daga siririya zuwa mai kauri, ka ji wani turrum kamar abu ya gangaro. Abin da ke ba ni tausayi, shekara da shekaru mutumin nan yana kaɗa waƙoƙin da suka zaga duniya amma Motown ba ta rubuta sunayen makaɗanta a jikin faifai, sai a wannan kundin na 1971 aka fara ganin sunansa. Kamfanin ya koma Los Angeles a 1972, ya bi su, yayi ya canza, masu shirya waƙa suna son sauti mai ƙara da walƙiya shi kuma bai bar tsohon salonsa ba, aiki ya yi ta raguwa. Ya rasu a 1983 yana da shekara 47, ita ma jitar tasa sace ta aka yi daf da rasuwarsa. Sai a 2000 aka saka shi a Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan makaɗa na Amurka.

Amma in ni ne zan koyar da yaro ba da Jamerson zan fara masa ba, zai ruɗe. Memphis zan kai shi, kamfanin Stax, wurin Donald Dunn da ake wa laƙabi da Duck, na ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s. Sutudiyonsu tsohon gidan silima ne, kuma ƙungiyar tasu baƙaƙe da farare ne a haɗe a kudancin Amurka a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfinta, wannan kaɗai abin a jinjina ne. Kiɗan Dunn ba shi da yawan kwana-kwana, layi ne gajere da zai kama ya yi ta maimaitawa da nauyi, shi da mai gangarsu Al Jackson Jr. kamar mutum ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi, taɓaryar wannan na fita ta waccan na shiga, ba mai kallon hannun wata amma ba sa karo, in ɗaya ta yi gaggawa ko da ƙiftawar ido ne dakan ya lalace. Haka bas da gangar ƙafa suke. Ka saurari In the Midnight Hour ta Wilson Pickett da aka ɗauka a Stax a 1965, bugu na biyu da na huɗu ana ɗan jinkirta su da gangan, kaɗan ne sosai, kamar waƙar tana jan ƙafa amma ba ta faɗi ba. Yawancin masu koyo in suka bi ta sai su riga ta isa, saboda jikinsu ya saba da sauri, zumuɗi yana tura su gaba. Koyon zama a bayan bugu ba tare da ka rage gudun waƙar ba ya fi koyon silaf wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da zai sa mawaƙi ya sake nemanka wani bikin.

Akwai kuma David Hood na sutudiyon Muscle Shoals a jihar Alabama, shi ya kaɗa I'll Take You There ta Staple Singers da ta fito a 1972. Kusan layi ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe a kan kod biyu, farkonsa ma daga wani kiɗan Jamaika na 1969 aka ɗauko shi. Ka ce wa mai koyo ya riƙe wannan layin minti huɗu kar ya ƙara komai kar ya rage, za ka ga kafin a yi nisa hannunsa ya fara ƙaiƙayi yana neman inda zai cusa ado. Haƙurin nan shi ake koya a wurin.

Yanzu maganar tab, wato lambobin nan da ake samu a intanet suna ce maka danna firet na uku a tsirkiya ta biyu. Ban ce haramun ba ne, amma lamba ba ta gaya maka tsawon sauti, ba ta gaya maka wanne za ka ja da ƙarfi wanne za ka shafa kawai, ba ta nuna maka matattun sautukan nan da ake yi da tsirkiya a danne, ɗan tuk tuk da ba shi da murya amma shi ke tura kiɗan gaba. Da yawansu ma ba daidai aka rubuta su ba. Abin da nake ba da shawara, ka nemi hedifon mai ɗan kyau, don sifikar waya ba ta fitar da bas sam, mutum zai shekara yana jin waƙa a waya bai taɓa jin abin da ɗan bas ya yi a ciki ba. Ka ɗauki gaɓa ɗaya, layi biyu ko huɗu, ka rage gudunta a YouTube in ta yi maka sauri, ka rera ta da bakinka tukuna, dum dum da-dum, har sai ka iya rera ta ba tare da waƙar tana tashi ba. Sannan ka ɗau jita ka nemo ta. Abin da bakinka bai iya faɗa ba yatsanka ba zai faɗe shi daidai ba. In ka samu, ka ɗauki kanka a waya kana bin faifan, ka saurara da gaskiya, a nan za ka ji duk inda ka riga su da inda ka bar sauti yana ja.

Kayan aiki kuma kar kowa ya ce sai ya mallaki Fender, wannan salon ma ya fi kowanne sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Tsofaffin tsirkiyoyin nan naka da kake jin kunyarsu saboda kuɗin sababbi ya yi tsada, su ake so. Ka yanko guntun soso na katifa ka cusa a ƙarƙashinsu can gindi, kar ya matse sosai har ya canza tunin. Ka murɗa maɓallin ton ka rage kaifin, ka dawo da hannun damanka kusa da wuyan jitar maimakon can baya, ka ja da tsokar yatsa ba da farce ba. A amfilifaya kuma kar ka cika bas ɗin har ƙarshe, sai ya zama gurnani kawai ba a jin me kake faɗa, ka bar na tsakiya ya fito. Ko jitar gwanjo ce in wuyanta bai karkace ba za ta ba ka abin da ake nema.

Kuma kar wani ya ce kiɗan wasu ne can ba ruwanmu. James Brown ya zo Legas a 1970 da Bootsy Collins yana saurayi a kan bas, sun je sun kalli Fela Kuti da ƙungiyarsa. A ranar 6 ga Maris 1971 an yi babban wasan Soul to Soul a Accra, Wilson Pickett da Staple Singers duk sun hau dandalin. Geraldo Pino ɗan Saliyo tun kafin nan yake kaɗa soul a Legas. Makaɗan yankin nan sun sha daga wannan rijiyar, su ma na can sun zo sun ɗiba a tamu. Abin da ke damuna a wajenmu nan Arewa, yawancin waƙoƙinmu na sutudiyo bas ɗinsu daga fiyano yake fitowa, kwamfuta ta jera shi daidai wa daida kowane sauti tsawonsa ɗaya ƙarfinsa ɗaya, ba numfashi. Ina da yaƙinin ranar da aka samu yaran da suka iya riƙe layi da hannu irin na su Dunn, suka zauna da mai kalangu suka fahimci juna, masu sutudiyo da kansu za su fara kiransu.

In za ka fara a wannan satin, ka ɗau Knock on Wood ta Eddie Floyd ko Dock of the Bay ta Otis Redding, duk Dunn ne, ka zauna a kansu har sai ka iya bin su ido a rufe. Daga nan I'll Take You There, sannan My Girl, sannan ka fara taɓa manyan ayyukan Jamerson a hankali gaɓa-gaɓa. Rock Steady ta Aretha Franklin da Chuck Rainey ya kaɗa a 1971 ka bar ta sai hannunka ya nuna, tana da ƙananan bugu masu yawa da za su gajiyar da kai in ka yi mata gaggawa. Kuma dan Allah in kana da aboki mai ganga ka ja shi ku riƙa zama ku biyu kawai, ba fiyano ba mawaƙi, ku kama layi ɗaya ku yi ta juya shi, shi yana sauraron yatsanka kai kana sauraron ƙafarsa.