Ribar buɗaɗɗiyar manhaja ga masu haɗa manhaja a Katsina ta wuce rangwamen kuɗi

Duk lokacin da aka tayar da maganar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda rubutun umarnin da aka haɗa ta da shi yake a fili ga kowa, a tsakanin matasanmu masu haɗa manhajar kwamfuta a Katsina, hujjar da ake fara kawowa ita ce kyauta ake samunta. Haka ne, kuma ba abin rainawa ba ne, domin tun daga 2023 da darajar naira ta zube, lasisin da ake sabuntawa da dala kowace shekara ya fi ƙarfin ƙaramin ofis. Sai dai a ganina babbar ribar tana wani wuri dabam, wato ikon da mai aiki yake samu na buɗe cikin manhajar ya karanta, ya gane inda matsala take, ya gyara da hannunsa.

Wannan ikon shi ne abin da Richard Stallman ya sa a gaba lokacin da ya ƙaddamar da shirin GNU na haɗa manhajojin da kowa ke da 'yanci a kansu, a Amurka a 1983: a bar mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya so, ya nazarce ta, ya canza ta, kuma ya raba wa wasu. A kan wannan turba Linus Torvalds ya fitar da Linux, ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, sannan ya rubuta Git, manhajar adana tarihin canje-canjen da ake yi wa rubutun manhaja, a 2005. Wayar Android da ke aljihun mai sayar da kati a Ƙofar Ƙaura ma a kan Linux aka gina ta.

Na ga amfanin wannan da idona a wani ofis mai ɗaki biyu a cikin gari, inda ake haɗa wa makarantu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Saura kwana uku a ba da hutu, sai takardun suka riƙa fitowa da alamar tambaya a duk inda ɗ ko ƙ ya kamata ya zauna, sunan Ɗanladi kuma ya koma can ƙasan jeri, bayan Zainab. Da a ce ɓangaren da ke buga takardun rufaffe ne, iyakar abin da za su yi shi ne su aika wa kamfani wasiƙa su zauna jira, kuma wane kamfani ne a ƙetare zai ajiye aikinsa saboda haruffan Hausa masu ƙugiya? Da yake a buɗe yake, ƙaramin cikinsu ya bi rubutun layi-layi bayan sallar Azahar, janareta na ruri a bakin ƙofa, kafin Magariba ya gano inda ake yar da haruffan. Gyaran bai kai layi goma ba. Abin da ya koya a wannan yinin ya zauna masa, kuma ofishin ya samu mutumin da ya san cikin kayan aikinsa.

Masu cewa abin da kowa ke iya gani ɓarawo ma yana gani suna da hujja. Ramin tsaro mai suna Heartbleed da aka gano a 2014 a OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ke kare sirrin bayanai a intanet, ya girgiza intanet ɗin. Amma a Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya, wato hanyar kutse ta sirri, da aka ɓoye a xz, wata buɗaɗɗiyar manhajar matse fayiloli. Ya iya yin hakan ne saboda rubutun yana a fili. Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne kwafin manhaja na sata da ake loda wa kwamfutocin ofisoshi a kasuwa, wanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa.

Kirana ga masu ofisoshi shi ne su karanta lasisi kafin su ɗauki komai, domin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja iri-iri ne: lasisin GPL ya wajabta wa wanda ya canza manhaja ya kuma raba ta da ya bayar da rubutunta, alhali lasisin MIT bai ɗora wannan sharaɗi ba. Su kuma ware wa ma'aikatansu ko da awa biyu ne a mako don mayar da gyare-gyarensu ga masu kula da manhajar. Ɗalibin da ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, idan gyaransa ya shiga manhajar da duniya ke amfani da ita, mai ɗaukar aiki a Legas ko Jamus zai iya buɗewa ya karanta aikinsa tun kafin ya nemi ganin takardar shaidarsa.