Shari'o'in bogi a takardun lauyoyi

Labarin lauyoyin da ke kafa hujja da hukunce-hukuncen da ƙirƙirarriyar basira ta ƙaga musu ya tayar mini da hankali ƙwarai. A watan Yunin 2023, alƙali Kevin Castel na kotun tarayya da ke New York a Amurka ya ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Roberto Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙira, har da sunayen alƙalai. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suka kafe bayan ɗaya ɓangaren ya ce ya nemi shari'o'in bai same su ba. Ni kam ba na sa hannu a takardar da za ta je kotu sai na buɗe hukuncin na karanta sakin layin da idona.