Ana sayar wa mutane na'ura, ana ɓoye musu likita

Tallan da asibitocin kwalliya na Istanbul ke watsawa a Instagram ya wuce gona da iri. Kowa na tallata gyaran hanci da na'urar Piezo, wai ba zafi, ba kumburi, sannan a ɗora wa mutum ƙarin kuɗi. Wanda likitansa ke aiki da kurfi da guduma kuwa, sai a nuna masa kamar wurin mahauci ya kai kansa.

Na'urar tana da amfaninta. Bakinta na karkarwa sau dubu 25 zuwa 30 a daƙiƙa guda, karkarwar da ke yanka ƙashi ba tare da ta yanka nama ba. Likitan Italiya Tomaso Vercellotti ne ya haɓaka ta don aikin haƙori da muƙamuƙi, Massimo Robiony ya kai ta hanci, daga baya Olivier Gerbault na Paris ya yayata ta. Kumburi da kwanciyar jini a ƙarƙashin ido kan ragu a makon farko.

To, bayan makon farkon fa? Ƙashi a kashi ɗaya cikin uku na saman hanci kawai yake. Sauran guringuntsi ne, kuma a nan aikin ke kyau ko ya lalace. Tsinin hanci da ƙofofinsa da bangon da ya raba su, da wuƙa da zare ake sarrafa su, wani lokaci har a ɗebo guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari a yi ƙari. Hancin da ya toshe bayan tiyata, mai shi ya kasa numfashi sosai, galibi daga nan matsalar ta samo asali. Ina ruwan Piezo da wannan? Kuma tallan ba ya faɗin cewa yawanci sai an ɗaga fatar hancin sosai kafin bakin na'urar ya isa ƙashin, aikin ya ƙara daɗewa, ana ta kwarara ruwan gishiri kada zafi ya ƙona ƙashin.

Masu cewa duk sabon abu ci gaba ne, su tuna likita Jacques Joseph ya fara gyaran hanci a Berlin tun 1898, babu wannan na'ura.

Wannan talla yaudara ce, kuma hukumomin lafiya na Turkiyya su taka mata birki. Mai niyyar tafiya Istanbul gyaran hanci ya nemi likitan ya nuna masa hotunan mutanen da ya yi wa aiki bayan shekara guda, ya kuma tambaye shi nawa ne suka dawo a sake gyara musu.