Kaset ɗin da aka ce na ɓarayi ne

Shekaranjiya da daddare muna zaune a majalisarmu ta wajen mai shayi a Unguwar Sanusi ta Kaduna, an ɗauke wuta, kowa wayarsa na kukan caji, sai na zaro tsohon Game Boy Advance SP ɗina, na'urar buga gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, ina latsawa. Wani abokina ya karɓa, ya zare kaset ɗin, ya ga ƙaramin memori a maƙale a jikinsa, sai ya ce, "Malam, ashe kai ma kayan ɓarayi kake amfani da su." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta kwana a raina, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma akwai inda ya yi kuskure.

Ga wanda bai san abin ba: kaset na asali gem ɗaya ne aka rubuta a cikinsa tun daga masana'anta, ba ya goguwa, ba ya sauyawa. Shi kuwa wannan, siffarsa ɗaya da na asali, sai dai yana da ramin saka memori irin na waya. Ka zuba fayilolinka a memorin daga kwamfuta, ka kunna, jerin sunaye ya fito a allo, ka zaɓi ɗaya. Kaset ɗin zai kwashe fayil ɗin ya miƙa wa na'urar kamar shi ne na kamfani, ita kuwa ba ta san an yi ba. Sunayen da suka yi fice su ne EverDrive, wanda wani ɗan ƙasar Yukiren da ake kira Krikzz ya ƙirƙiro, da EZ-Flash na Chana, sai kuma R4 na Nintendo DS, wanda duk wanda ya riƙe DS a garin nan ya san shi.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Game Boy ya fito a 1989, Advance a 2001, DS a 2004, amma mu yawancinmu ta hanyar gwanjo suka iso hannunmu. Nawa a Kasuwar Barci na tsince shi cikin tarin kayan wasan yara, murfinsa duk ya goge. Kaset ɗin da muka taso da su kuma fa? Waɗanda ake rubuta wa "369 in 1" ne, ka buɗe ka tarar gem kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauya suna. To wanne ne na halak a ciki da har ake wa na yanzu gori? Waɗanda suka dace da na asali ma, da yawansu ɗan batirin da ke riƙe ajiyar wasa a ciki ya mutu tuntuni. Ka yi wata guda kana fama, ka kashe ka kunna, komai ya tafi.

Duk da haka ba zan wanke R4 tas ba. Akasarin masu sayensa don kwafin gem kyauta suke saya, shi ya sa Nintendo ta kai ƙara, wata kotu a Tokiyo ta hana sayar da shi a 2009, babbar kotun Ingila ma ta yi haka a 2010. Kuma mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan illar satar fasaha ba, mun ga yadda masu kwafin faifai suka kassara 'yan fim ɗin Hausa. Ra'ayina a nan a bayyane yake: gem ɗin da mai shi ke raye yana sayarwa yana cin abinci da shi, in ka kwafa ka ci haƙƙi, ko da sunan me ka kira shi. In kuwa kaset naka ne ka saya, akwai ƙananan na'urori irin su GB Operator da ke kwashe gem ɗin har da ajiyarsa zuwa kwamfuta, ka zuba a memori, ka adana na asalin a akwati. Wannan ban ga abin kunya a cikinsa ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne. Abokina ya ɗauka cewa duk abin da ke cikin memorin nan na wani kamfani ne. A'a. Gem ɗin da nake bugawa a daren nan ɗan yayata ne ya haɗa shi, yaron da yanzu yake aji biyar na sakandare a Tudun Wada.

Akwai wata manhaja kyauta, GB Studio, da ta fito a 2019, wadda ake haɗa gem na Game Boy da ita ba tare da an iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Ka zana ɗaki, ka zana mutum, ka ce in ya taka nan abu kaza ya faru. Na saka masa a tsohuwar kwamfutata lokacin dogon hutu don ya rage yawon rana. Bayan sati uku ya kawo min gem na ɗan Keke Napep da ke ɗaukar fasinja daga Kawo zuwa Kasuwa yana kauce wa ramuka da 'yan acaɓa. Allon Game Boy ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launi huɗu kacal, don haka keken nasa ya fi kama da kwalin ashana mai ƙafa. Inda ya burge ni shi ne rubutu. Haruffan da suka zo da manhajar babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Yaron nan ya ƙi yarda fasinja ya ce "kofa" a maimakon "ƙofa". Ya zauna yana zana lanƙwasar ƙ ɗigo-ɗigo a cikin akwati mai takwas sau takwas, yana gogewa yana sakewa, har ta zauna daidai. Ranar da na zuba fayil ɗin a EZ-Flash Junior na tura a SP, tambarin ya fito, keken ya bayyana, sai ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Kawu, wallahi nawa ne." Babu kamfanin da zai taɓa buga wa Bahaushe kaset mai cewa "Akwai Kawo, mutum ɗaya." Ƙofar da ta rage mana ke nan, ita ce wadda ake ce wa ta ɓarayi.

Kuma ba gem kaɗai ba. Akwai wani shirin da ake kira LSDj, da ake haɗa kiɗa da shi a Game Boy tun 2000, har yau makaɗa a Turai da Amurka suna hawa dandamali da shi.

Wani zai ce ai waya ma tana buga waɗannan fayilolin. Haka ne, kuma wanda ba shi da hali ya fara daga can. Sai dai gilashi ba maɓalli ba ne, kuma yaron da ka ba waya don ya gwada gem ɗinsa, minti biyar za ka same shi a TikTok.

Wanda zai saya, ya ji abin da ya same ni. Na taɓa yin odar R4 daga wajen wani mai sayarwa a intanet, ya yi aiki lafiya ƙalau, ran nan kawai ya ƙi buɗewa, yana nuna wai kwanan wata ba daidai ba. Ashe da yawan na jabu an dasa musu ranar mutuwa a ciki don ka koma ka sayi wani. Mayar da agogon DS ɗin baya na yi ya farfaɗo, shi ya sa har gobe DS ɗina yana zaune a wata shekarar da ta wuce. Memori ma a kula, akwai wanda aka rubuta wa girman da ba shi da shi, sai ka cika shi fayiloli su lalace. A goge shi a tsarin FAT32 kafin a fara. EverDrive ya fi inganci amma da dala ake maganarsa, ni dai EZ-Flash na iya.

Shi kuwa abokin nawa, bayan ya gama gorinsa sai da ya cinye min cajin SP ɗin. Ya maƙale a gadar Kawo, keken ya shige cikin bango ya ƙi fita. Na kira yaron na gaya masa, ya ce, "Kawu, na sani, na manta ban toshe wajen ba. Ka kawo memorin ranar Asabar."